An ba 'yata tallafin karatu amma saura dala 18,000 a kaina: ana komawa a ce su ƙara?

Baban_Hajara_Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya matse ni. 'Yata ta samu gurbi a wata kwaleji mai zaman kanta a jihar Pensilvaniya ta Amurka, wadda tun tana aji 10 take ambatonta. Takardar tallafi ta iso makon jiya. Kuɗin shekara gaba ɗaya, da karatu da ɗaki da abinci, dala 84,000. Sun ba ta kyautar 58,000, bashin gwamnati 5,500, aikin cikin makaranta 2,500. Saura 18,000 a kaina. Wallahi ba ni da su. FAFSA ta 2025-26, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, da harajin 2023 ta yi lissafi, lokacin ni da uwarta duk muna aiki, mun haɗa kusan 92,000. Tun watan Oktoban 2024 uwarta ta ajiye aiki saboda ciwon baya, ni ma aikin dare da nake haɗawa da tuƙi ya ƙare. Bana da ƙyar mu kai 54,000, kuma mu shida ne a gida. Ranar 1 ga Mayu za a biya kuɗin kama gurbi. Yarinyar ta ce ana rubuta musu a nemi su sake dubawa. Ni kuma abin yana min nauyi. Mutane sun ba ka 58,000 kyauta, ka koma ka ce bai isa ba? Ba za su ga rashin godiya su janye gurbin ba?

Anti_Rakiya_MD:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sanya albarka a karatun yarinya. Ka cire wannan nauyin daga ranka. Na yi shekaru ina aiki a ofishin tallafin ɗalibai na wata kwaleji, kuma watan Afrilu irin waɗannan takardun ne ke cika mana tebur. Ban taɓa ganin an janye wa yaro gurbi don iyayensa sun nemi a sake duba ba. Abin ma a doka yake: sashe na 479A na dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ya ba jami'in tallafi ikon ya gyara alƙaluman FAFSA idan halin gida ya canza kuma akwai shaida a rubuce. Rasa aiki da rashin lafiya suna cikin dalilan da aka fi karɓa. Gyaran dokar da aka yi a 2020 ya hana makaranta ta kafa ƙa'idar ƙin duk wata buƙata irin wannan, kuma ba a biyan ko sisi don a duba. Su lissafin mutumin 2023 suka yi. Kai kuma za ka nuna musu mutumin 2025.

Dan_Agadas_NC:
Alhaji, roƙo daban, gyaran lissafi daban. Ko a kasuwar Zinder in mai awo ya yi maka awo da tsohon farashi ai za ka yi magana. Rubuta kawai.

Baban_Hajara_Bronx:
Na gode Anti Rakiya, hankalina ya ɗan kwanta. To me zan haɗa? Kuma wa zai rubuta, ni ko ita?

Anti_Rakiya_MD:
Gobe da safe ku kira ofishin tallafin, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba, ku tambaya ko suna da fom na musamman don canjin halin gida. Yawancinsu suna da shi a shafinsu. Sai ku haɗa takardar da ke nuna ranar da Hajiya ta bar aiki, da takardar likita, da rasitan asibiti da inshora bai biya ba, da takardar ƙarewar aikinka na dare, da takardun albashi na baya-bayan nan, da harajin 2024 in kun riga kun cika. Tunda kana tuƙi, ka fitar da bayanin abin da kamfanin ya biya ka wata-wata daga Janairu zuwa yau. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Yarinya ta aika daga imel ɗinta da lambarta ta ɗaliba, kai ka sa hannu a ɓangaren kuɗi. Kuma ku faɗi adadi. Kada ku ce "muna neman ƙari". Ku ce abin da za mu iya biya a shekara kaza ne, giɓin kaza ne.

Wani abu kuma da zai iya zama alheri: a sabon tsarin, ma'aurata da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 175 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati ba, ɗansu na samun cikakken Pell, wato kyautar kuɗin karatu ta gwamnatin tarayya. Ga gida mai mutum shida wannan ya ɗan haura 70,000. In suka yarda suka sauko da kuɗin shigarku zuwa 54,000, tana iya samun Pell, wanda cikakkensa dala 7,395 ne. Sai dai ka tambaye su a fili ko za su ɗora shi a kan kyautarsu ne ko za su rage tasu su cike da shi. Akwai masu yin na biyun.

Injiniya_Houston:
Ni ina da gyara a kan lissafin tun daga tushe. Alhaji, giɓinka ba 18,000 ba ne, 26,000 ne. Bashin 5,500 ku za ku biya. Aikin cikin makaranta kuma ba kuɗi ba ne a hannu, sai yarinya ta nemi aikin ta samu, ta yi awanni, a riƙa biyanta kaɗan-kaɗan, yawanci a littattafai da sabulu yake ƙarewa. Takardun nan sukan jera komai a layi ɗaya kamar duk kyauta ne. Ɗana na fari haka muka yi murna, sai da takardar biya ta zo a watan Yuli muka gane. Ka ninka 26,000 sau huɗu, sannan ka tuna kuɗin makaranta yana ƙaruwa kusan kowace shekara. Ka tambaye su kuma: kyautar 58,000 ɗin ta shekara huɗu ce? Tana da sharaɗin maki?

Ummu_Sadiq:
Injiniya ya taɓo inda nake so. Bashin nan akwai ruwa a ciki. Na shekarar 2024-25 kashi 6.53 ne ga ɗalibi, wanda ake ba iyaye kuma, Parent PLUS, kashi 9.08. Ni dai a gidana mun yanke ba za mu taɓa shi ba. Alhaji, in ka rubuta musu ka gaya musu addininmu ya hana riba, su mayar da bashin kyauta.

Anti_Rakiya_MD:
Ummu Sadiq, ana iya faɗa, kuma ba wanda zai tilasta maka karɓar bashi, kana iya ƙinsa a shafin. Amma kada Alhaji ya gina wasiƙarsa a kan wannan. Ofishin ba ya mayar da bashi kyauta don dalilin addini, sai dai in makarantar tana da kuɗinta kuma ta ga dama. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce faɗuwar kuɗin shiga.

Malam_Tanimu:
A kan ribar akwai bayani. Cikin 5,500 na shekarar farko, har 3,500 na iya zama irin wanda gwamnati ke ɗauke ruwansa muddin yaro yana makaranta, da wata shida bayan ya gama. Wasu malamai a nan sun sassauta ga wanda ya tabbata zai biya kafin ruwan ya fara hawa kansa. Wasu sun ce tunda ka sa hannu a yarjejeniya mai sharaɗin ruwa, ka riga ka shiga. Ni ba zan yanke wa kowa ba, kowa ya je wa malamin da ya amince da iliminsa da takardar a hannu. Akwai kuma ƙungiyar A Continuous Charity da ke ba ɗalibai Musulmi rance marar ruwa, amma masu nema suna da yawa, kada a jingina da ita kaɗai.

Ummu_Sadiq:
Malam, ko a wancan ma ana cire musu wani kaso tun wajen bayarwa, kashi ɗaya da ɗoriya. Ni zuciyata ba ta natsu ba. Amma na ji bayaninka.

ZongoBoy_Kumasi:
Kawu, ni na yi wannan afil ɗin da kaina shekara biyu da suka wuce, bari in ba ka labari. Makarantu biyu suka ɗauke ni, masu kama da juna a daraja. Wadda nake so ta bar min 14,000, ɗayar 8,000. Na ɗauki hoton takardar ta biyu na haɗa da wasiƙa, na ce ku ne zaɓina na farko, in giɓin ya matso zan biya kuɗin kama gurbi a ranar. Bayan kwana tara suka ƙara min 4,000. Bai kai na ɗayar ba amma na tafi. Abokina ya yi daidai irin nawa a wata makarantar, suka ce su ba sa gasa da kowa, ko dala ɗaya ba su ƙara ba. To in ƙanwata tana da wata takardar da ta fi, a haɗa.

Baban_Hajara_Bronx:
Akwai. Wata kwaleji a arewacin jihar Niyok: kuɗinta 79,000, kyauta 66,000. Sannan CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin Niyok, ma sun ɗauke ta, inda yayanta yake shekara ta biyu yanzu.

Anti_Rakiya_MD:
To ka ga ka ɓoye mana manyan hujjoji biyu! Ka haɗa takardar 66,000 ɗin, cikin ladabi, ba da sigar ciniki ba. Sannan maganar yayanta: kafin 2024 FAFSA tana raba nauyin gida tsakanin yaran da ke jami'a a lokaci ɗaya. Sabuwar ta daina. Amma makarantu masu amfani da CSS Profile (wani fom ɗin neman tallafi na daban) da yawa suna dubawa wajen raba kuɗinsu, kuma jami'in yana da ikon sa shi a lissafi. Ka haɗa takardar rajistar yayan da abin da kuke biya masa.

Direba_Harlem:
Gaskiya ɗaya ce, Alhaji, mu masu tuƙi mu muke jawo wa kanmu. Ka sa 92,000 a haraji don me? Mutane da yawa suna rage abin da suke nunawa, 'ya'yansu suna karatu kyauta. Yanzu ma in za ka rubuta ka ce 40,000 kake samu, wa zai bi ka?

Injiniya_Houston:
Subhanallah. Direba, wannan ba shawara ba ce. FAFSA yanzu kai tsaye take jawo alƙaluma daga hukumar haraji, kamfanonin tuƙi kuma suna aika takardar 1099, mai nuna abin da suka biya ka, can. Ƙarya a fom ɗin tana da tarar har dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Kuma yarinyar ce za ta sa hannu tare da ubanta. Ka ɗora 'yarka a kan ƙarya tun ranar farko ta karatunta?

Malam_Tanimu:
Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma Alhaji ba ya ma buƙatarta, gaskiyarsa ta ishe shi hujja.

Direba_Harlem:
Na ji, na janye. Zafin abin ne, muna kwana a mota amma lissafinsu yana ɗaukarmu masu kuɗi. Haya kaɗai a nan ta cinye rabin abin da mutum ke samu, fom ɗin kuma ko tambayar haya ba ya yi.

Hajiya_Greensboro:
Direba ya faɗi wata gaskiya a ƙarshen nan. Akwai abin da fom ɗin bai sani ba game da mu. Ni duk wata sai na aika wa mahaifiyata a Maraɗi, ga marayun ƙanena uku da ke lakwal a kaina. A takarda mu huɗu ne a gida, a zahiri mutum takwas nake ciyarwa. Da muka yi wa ɗiyata afil na buga duk rasitan aika kuɗi na wata 24, na haɗa da takardar asibitin tsohuwa da aka fassara daga Faransanci. Matar ofishin ta kira ni, ta ce kuɗin maganin mahaifiya sun karɓa, na yaran ƙanena ba su karɓa ba. An ƙara mana 2,500. Alhaji, in kana aikawa gida, kada ka ji kunyar sa shi. Amma ta hanyar da ke barin rasit. Wanda ka ba ɗan uwa a hannu zai tafi gida, ba shi da shaida.

Baban_Hajara_Bronx:
Hajiya, ina aika wa tsohuwa a Kano dala 300 duk wata, rabi ta waya rabi a hannun mutane. Zan tattara na wayar. Wata tambayar kuma da ke damuna: ina da fili a Kano da na saya tun 2016, ban gina ba. Na rubuta shi a CSS Profile da ƙimar da na saya, lokacin dala ba ta kai haka ba. Kuskure na yi?

Injiniya_Houston:
Rubuta shi da ka yi daidai ne, domin ba gidan da kake ciki ba ne, dukiya ce. Amma ƙimar yau ake nema, wato abin da zai kawo in ka sayar yanzu, a dala. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati kusan naira 460 ce, a 2025 ta haura 1,500. Ko da filin ya yi tsada a naira, a dala zai iya zama ya faɗi. Ka sa dillali ya rubuto maka ƙima a takarda mai hatimi, ka yi canjin, ka gyara musu.

Dalibi_Zariya:
Salam iyayena, ku yi haƙuri in shigo da nawa tunda maganar naira ta zo. Ni ina Najeriya, wata kwaleji a Amurka ta ɗauke ni, ta bar min dala 9,000 a shekara. Mahaifina malamin sakandare ne da ya yi ritaya. A canjin 2025, wannan kuɗin ya haura naira miliyan 13. Duk abin da Anti Rakiya ta faɗa ya shafe ni?

Anti_Rakiya_MD:
Ɗana, rabinsa. FAFSA da Pell da bashin gwamnati na 'yan ƙasa ne da masu katin zama da wasu 'yan rukunai, kai ba ka ciki, don haka dokar da na ambata ba ta kare ka. Kuɗin makarantar kawai kake nema, kuma kasonsu na ɗaliban waje ƙarami ne. Amma ka rubuta. Ka nuna fanshon Baba a naira, da canjinsa a dala ranar da ka cika fom da kuma yau, da takardar banki. Abu ɗaya ka kiyaye: in tun farko ka rubuta cewa gidanku zai iya biyan 9,000, da wannan alƙawarin suka ɗauke ka, domin mafi yawan makarantu suna duba aljihun ɗalibin waje kafin su ba shi gurbi. 'Yan kaɗan ne ba sa dubawa, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. Sai ka bayyana abin da ya canza tun lokacin. Kuma ba za su ba ka I-20, takardar makaranta da ake neman bizar karatu da ita, ba sai ka nuna kuɗin shekara guda cif.

ZongoBoy_Kumasi:
Ɗan uwa na Zariya, ka sa inshorar lafiya da tikitin jirgi da kayan sanyi a cikin abin da kake nema, wasu makarantun sun fi saurin ɗauke waɗannan a kan su ƙara kyauta. Ga dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, da 185 na biza. Kuma kada ka lissafa cewa aiki zai cike maka, awa 20 a mako kawai aka yarda, a cikin makaranta. Ka tuntuɓi EducationUSA, ofishin ba da shawarar karatu na gwamnatin Amurka, a Abuja.

Dan_Agadas_NC:
Mu 'yan Nijar wannan hujjar ta canji ba ta yi mana aiki sosai, sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya. Namu sai dai hujjar rashin kuɗin kansa.

Ummu_Sadiq:
Mu dawo kan Alhaji. Ni tambayata, me ya sa dole sai Pensilvaniya? Ga CUNY a ƙofar gida, kuɗin karatu 6,930 a shekara ga ɗan jiha, ga TAP, tallafin karatu na jihar Niyok, da ke kai 5,665, ga Pell in ya fito. Yarinya tana kwana a ɗakin uwarta, ba bashi, ba riba, uwar ma da ba ta da lafiya ta samu mai kama mata. TAP kuma ba ya bin yaro zuwa wata jiha.

Hajiya_Greensboro:
Ummu Sadiq, lissafinki daidai ne, amma kada mu mayar da ciwon uwa ya zama igiya a ƙafar ɗiya. Yayanta namiji yana gida, shi ma yana da hannu. Yarinyar da makaranta ta ga ta cancanci 58,000 ta yi aiki ba kaɗan ba. A bari amsar afil ta zo tukuna, sannan a zauna da ita a yi maganar, da ita a ciki.

Ummu_Sadiq:
Ban ce a hana ta ba, Hajiya. Na ce dala 26,000 sau huɗu ba wasa ba ne ga mai tuƙi. Na ga gidajen da Parent PLUS ya hana uba barci har tsufansa.

Baban_Hajara_Bronx:
Ku duka kuna da gaskiya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwarta ce ma ta fi kowa son ta tafi. Mun kira, suna da fom. Daren jiya ni da Hajara muka cika, ta rubuta wasiƙar, na ce mata abin da zan iya tsakanina da Allah 8,000 ne a shekara. Mun haɗa takarda 17. Na roƙi su ɗaga mana ranar 1 ga Mayu in amsa ba ta fito ba.

Anti_Rakiya_MD:
Madalla. In sun ɗaga ranar, a samu a rubuce ta imel. In ba su ɗaga ba, kada ku biya kuɗin kama gurbi a makarantu biyu, an hana, kuma yawanci ba a mayar da kuɗin. Ka sani kuma hukuncin jami'in shi ne na ƙarshe, ba a kai ƙararsa ma'aikatar ilimi. Bayan mako ɗaya yarinya ta kira ta tambaya ko akwai takardar da ta rage.

Baban_Hajara_Bronx:
Jama'a, amsa ta zo yau, kwana 11 da aikawa. Sun karɓi faɗuwar kuɗin shiga da maganar yayanta, sun gyara ƙimar filin. Kuɗin tsohuwa ba su sa ba, sun ce rasitan ba su nuna na magani ne ba. Pell ya fito cikakke, 7,395, sun ƙara 5,000 daga nasu, ba su rage komai ba. Kyauta ta koma 70,395, saura 13,605 in ba a lissafa bashi da aiki ba. Ta arewacin Niyok tana nan a 13,000, kuma ban aika musu komai ba tukuna. An ba mu zuwa 8 ga Mayu.

Injiniya_Houston:
Alhamdulillah. To ka aika wa ta Niyok irin takardun nan yau ɗin nan, domin gyaran da makaranta ɗaya ta yi ba ya bin ka zuwa wata, kowace sai ta yi nata. In su ma suka sa Pell, ga TAP tunda a cikin jiha take, tana iya saukowa ƙasa da 8,000 ɗinka.

Hajiya_Greensboro:
Barka Alhaji. Me Hajara ta ce?

Baban_Hajara_Bronx:
Ta yi shiru ta ɗauki takardun biyu ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce in aika wa ta Niyok ɗin, amma ranar Asabar tana so mu je mu ga wurin da idonmu kafin ta ce komai. Tafiyar awa huɗu ce. Anti Rakiya, takardar likitan ta watan Fabrairu ce, za ta yi ko in karɓo sabuwa?

Anti_Rakiya_MD:
Za ta yi. Ka aika da ita yau, in sun nemi sabuwa sai ka bi da ita daga baya. Ka tambaye su kuma ko sun ɗaga muku ranar kamar waccan.

Dalibi_Zariya:
Ni ma na aika tawa jiya da takardar fanshon Baba. Kawu, in ba damuwa a turo min yadda Hajara ta tsara sakin layi na farko, a goge sunaye da lambobi.